Katangar Gida Biyu

Rage muryar rediyon nan, ɗan nan, ka saurara. Tun hantsi kuke gardama kai da abokanka a kan ƙasar can ta maƙwabta, wai a ci gaba da aika musu taimako ko a rufe iyaka a bar su da 'yan bindigarsu. Ga abin da ya sami wani mutum.

Wani magidanci ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da na maƙwabcinsa. Iyayensu ne suka gina ta tare, suka kuma bar al'ada: duk bazara, kafin ruwan farko, a sa rana guda a kwaɓa ƙasa da ramno, kowane gida ya yaɓe gefensa, mata su dama fura a sha tare. Don ya yarda da katangar nan, a jikinta ya kafa rumbunsa, abincin mutum goma sha ɗaya na shekara guda. Ana nan sai maƙwabcin ya rasu, ya bar 'ya'ya maza uku, kowanne da iyalinsa, kowanne kuma cewa yake shi ne maigida. Bazara ta zo, mutumin ya yaɓe gefensa, ya kasa kunne ko zai ji ana taka ƙasa a ƙetare. Babu abin da ya jiyo sai zage-zage. Damina ta doki gefen da ba a yaɓe ba, katanga ta tsage. Da farko ƙadangaru ne ke leƙowa, ya ce ba komai. Sai gafiya ta haƙa gindin katangar, maciji kuma ya bi ramin gafiya ya shigo ya haɗiye 'yan tsakin matarsa.

Bazara ta biyu ya ɗora wa jakinsa mangala goma na jar ƙasa, ya haɗa da ramno, ya aika wa babban wan, tunda shi ke riƙe da zaure. Babban ya yi godiya har da addu'a, sannan ya kwashi ƙasar ya ja katanga a tsakar gidansu, ya raba kansa da ƙannensa. Shekara ta zagayo, na tsakiya ya riga ya kori wansa daga zaure, sai mutumin ya ce wataƙila wannan ya fi hankali, ya aika masa. Shi ma ya ja tasa katangar, har ta fi ta wansa tsawo. Nan ran mutumin ya ɓaci, ya rantse ko dunƙule ɗaya ba zai ƙara ba su ba. Bazara ta gaba bai aika ba, a daminar nan kuwa aka kashe kububuwa ƙarƙashin tabarmar jikarsa. To, da ya ga bayarwa ba ta yi ba, hanawa ma ba ta yi ba, sai ya ɗebi magina biyu da kwanukan ƙasa ya shiga gidan da kansa don ya yi yaɓen. Ran nan ne kaɗai aka ga 'yan'uwan nan sun tsaya sahu ɗaya. Suka ce ya zo cin iyakar ubansu ne, suka watso masa kwanukansa waje, unguwa tana kallo.

Matarsa ta ce, "Maigida, mu tashi mana, tun da sauran mutunci."

Ya ce, "Mu tashi zuwa ina? Gida ƙwarya ne da za a ɗauka a ka?"

Ya koma ya riƙa ninka yaɓen gefensa, hawa kan hawa, yana toshe rami yau gobe wani ya ɓulle, har bayansa ya ƙage. Amma katanga ta gefen da aka yasar take ciwo, kaurin ɗaya gefen nauyi kawai ya ƙara mata. Da marka ta kankama aka yi kwana uku ana ruwa. Da safiyar na huɗu, yana tsaye da buta a hannu, katangar ta kwanta a kan rumbun. Geron shekara ya cakuɗe da laka, kafin mako ya fara tsiro a wurin. 'Yan'uwan suka fito suka tsaya kan ɓaraguzai, kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa, ƙaramin ma har ya tambaye shi yaushe za a aiko da ƙasa, tunda bana shi ke da zaure. Mutumin ya ɗaga ido ya dubi tsakar gidansu, wanda yanzu ba abin da ya tare shi, sai ga katanga biyu tsaye ƙyam, jawur, da ƙasarsa da ramnonsa, ko tsaguwa ɗaya babu.

Washegari ya sake kora jakinsa zuwa kududdufi, don gida ba ya zama a buɗe. Ya kawo ƙasa ya jibge a kan iyaka, ya zauna kusa da ita da sandarsa, ya ce ba mai taɓa ta sai su ukun sun zauna kan tabarma ɗaya. Har aka yi girbi yana zaune, gafiya na ratsawa ta gabansa. Shekara biyar ya yi yana faɗa da gafiya da maciji, alhali ɓarakar tun daga cikin gidan can ta faro. Shi ya sa magabata suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.