Shafin Yaya

"Ya yi tsawo," in ji manaja, ya ajiye wa ma'aikacin ta'aziyyar da direbobi suka rubuta. "Gyara ka ɗora a shafin kamfani. Ai ka fi kowa sanin mamacin."

Mamacin yayansa ne, direban kamfanin, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami har ya samo masa wannan aikin na tsara rubutu a intanet.

Ya zauna gaban kwamfuta, hannunsa ya shiga aikin da ya saba. Mai karatu a waya ba ya da haƙuri, don haka ya datse dogayen jimloli, ya ƙara girman haruffa, ya bar sarari tsakanin layuka. Ya cire labarin yadda Yaya ke rage wa masu shara hanya in ana ruwa. Ya cire tsokanar da yake yi wa maigadi kowace safiya. Bai ji komai ba.

"Madalla," in ji manaja. "Ko makaho ya karanta wannan."

Da yamma ya tarar da mahaifiyarsu zaune a kan darduma, idanunta da suka yi rauni suna kallon ƙofa.

"An ce an rubuta ɗan uwanka a waya. Karanta min, auta."

Ya durƙusa ya karanta. Kafin ta gama gyara zama, ya kai ƙarshe.

"Ina jinka," ta ce. "Ci gaba mana."

Ya ja shafin da babban yatsa. Babu komai a ƙasa sai farin fili da lambar wayar kamfani.