Ko Akwai a Dangi?

Inna Mai Kati ce ke jera wa likitan ƙwaƙwalwa katunan marasa lafiya kowace safiya. Ba ta da rigar ma'aikata, hannunta kuma yana ɗan rawa, amma ta haddace tambayoyin ɗakin nan tsaf. Har tsokanar sababbin nas-nas take yi, wai su takarda suka karanta, ita kuwa mutane ta karanta.

Ranar nan kati na huɗu na wata budurwa ne. Mahaifinta, wani direban babbar mota, ya riƙo hannunta suka shigo. Inna na ganin sa katunan suka zube mata. Shi kuwa ya kafa wa ƙasa ido kamar wanda ya yar da allura.

Likita, wanda bai fi wata biyu da zuwa ba, ya fara tambaya, Inna na tsugune tana tsintar katuna. Wata uku yarinyar ba ta barcin kirki. Ta daina wanka, ta daina zuwa makaranta. Tana jin wasu mutum biyu suna gulmarta a bayan labule, in ta leƙa ba kowa. Ta cusa auduga a kunne, ba su yi shiru ba. Masu karanta labarai a talabijin ma, in ji ta, da ita suke.

Inna ta san abin da zai biyo baya, don ta gane halin likitan nan. In aka ce akwai mai irin ciwon a dangi, yau zai kwantar da yarinyar ya fara magani. In babu, ga shi ta yi zazzaɓi mai zafi kwanan baya, gwajin jini zai tura su, su dawo bayan wata guda. Inna ta sha ganin waɗanda ba su dawo ba. Wata guda ya isa muryoyi su ce wa yarinya ta faɗa rijiya.

"Baba, ko akwai mai irin wannan a dangi?" in ji likita. "Wajenka ko wajen mahaifiyarta?"

"Babu, likita. Mahaifiyarta wajen haihuwarta ta rasu."

Yarinyar ta gyaɗa kai. Abin da aka gaya mata ke nan tun tana rarrafe.

Inna ba ta ɗauki direban mugu ba. Bakin mutane yake tsoro, don gidan da aka ce akwai taɓin hankali, manema ba su ƙara taka ƙofarsa. Amma sai da rai ake aure. Zuciyarta ta karye, ta miƙe tsaye.

"Likita, rubuta akwai. Uwarta na nan da ranta, kuma ciwon nan ne da ita."

Yarinyar ta ɗago ta dube ta, irin kallon da ake yi wa baƙo.

"Baba, ka san ta?" Likita ya tambaya.

Direban ya kau da kai. "Ban taɓa ganin matar nan ba."

Likita ya rubuta babu, ya miƙa musu takardar gwaji. Sannan ya kira nas, ya ce a kai Inna ta huta. Da za su fita, yarinyar ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu, Inna. Allah ya ba mu lafiya." Inna ta bi ta da kallo. Hawaye kawai ke zuba.

Nas ta zaunar da ita a gadonta na ƙarshen ɗakin majinyata, ta ba ta ƙwaya biyu da ruwa, ta rubuta cewa ciwon ya motsa, yau ma Inna ta ce tana da 'ya. Shekara ashirin ke nan ana lissafa wannan magana cikin alamun ciwonta, tun ranar da direban ya ɓamɓare jaririyar nan daga ƙirjinta, ya ce wa likitoci matarsa ba ta taɓa haihuwa ba.