Ranar da Ƙarfe Ya Shiga Fakoro

Hantsi ya dubi ludayi, amma bencin da Sitan Jara ta ajiye a ƙarƙashin mangwaro ba kowa a kansa sai kaza.

Sitan ma'aikaciyar jinya ce, haifaffiyar wannan ƙauye na ƙasar Segu. Ita ta yi ta roƙon likitocin Bamako har suka kawo gwajin sabuwar allurar sanƙarau. Abin ba wuya: a ɗebi jini, a yi allura, bayan wata guda a sake ɗiba a ga ko jinin ya tara mayaƙan cutar. In ba a fito yau ba, motar likitocin za ta wuce ƙauyen gaba. Sanƙarau kuwa ya san hanyar garin, bazarar bara ya kurmantar da ɗan yayarta.

Mutanen duk suna ƙofar Fakoro Tarawele, sarkin maharba. Sun ce abin da ya yi, shi za su yi.

Kowa ya san ƙarfe ba ya shiga jikin Fakoro. Shaida tana damtsensa: sa'o'insa duka suna da tabon lambar agana, shi fatarsa sumul. Manya sun ce yana yaro allurar masu lamba ta lanƙwashe a jikinsa. Bai taɓa yarda a gwada shi da wuƙa ba, wai tausayin wuƙar yake ji.

Zuriyar Jara da ta Tarawele abokan wasa ne, don haka Sitan ta ratsa taron ba sallama.

"Maci-wake, tashi mu je."

"Kun ji baiwata da rashin kunya," in ji Fakoro, yana gyara rigarsa mai layu. "Ni ba ruwana, allurarku nake jiye wa. Kayan gwamnati ne, ta karye a ce ni ne."

Aka yi dariya. Shi kuwa gumi yake yi, alhali a inuwa yake zaune.

Sai ga uwarsa, wadda ake kira Ba Nyeba, wato Inna Nyeba, ta fito da muciya a hannu ɗaya, ƙwaryar ruwan tsari a ɗayan. Tsohuwa ce da ba a taɓa jin ta maimaita magana ba.

"Jikokina suna garin nan," ta ce, "kuma ba zan bari sanƙarau ya ɗauke su ba. Kai, miƙe."

"Ba, kin fi kowa sanin jikina..."

"Na sani. Ni na ɗaura, ni zan kwance."

Ta sheƙa masa ruwan tsari a ka, gaban mata da yara.

"An kwance. Daga yanzu zuwa la'asar, ƙarfe na shigarsa."

Ƙauyen ya ɗungumo zuwa gindin mangwaro. Sitan ta yi masa bayani dalla-dalla, ta ce ba dole, ya yarda? Fakoro ya dubi muciya, ya ce ya yarda.

Tana zaro allura, sarkin maharba ya sulale daga benci ya zube ƙasa.

"Asiri ne ke fita!" wani ya yi ihu. Jama'a suka ja da baya.

Aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Ba Nyeba ta cusa kansa a hammatarta, ta rufe masa fuska da gefen zane.

"Kada idonsa ya karya muku kaya. Yarinya, yi sauri."

Allura ta shiga kamar an soka a man kaɗanya. Jini ya fito, ja irin na kowa. Kafin la'asar layi ya kai masallaci, direban motar ya kashe inji ya nemi wurin kwanciya.

Bayan wata guda aka sake ɗibar jini, aka sake ruwan tsari da hammata. Da sakamako ya iso, likita ya ce jinin yawancinsu ya amsa, mayaƙa sun taru. Fakoro ya riƙa bin dandali yana cewa nasa mayaƙan da bindigogi suka fito.

Ranar kasuwa Sitan ta ƙunshe goro, ta sami Ba Nyeba ita kaɗai tana tsince wake. Ta durƙusa, ta rage murya.

"Ba, ƙanena soja ne, an tura shi bakin daga a arewa. Ki taimaka mini da maganin ƙarfen nan."

Tsohuwar ta karɓi goron, ta zaɓi babba ta ɓare.

"Wane magani? Ki yi masa addu'a."

"Wanda kika ɗaura wa Fakoro."

Ba Nyeba ta yi tsaki, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ranar da masu lamba suka zo, yana hango allura ya jiƙa wando ya faɗa rumbu, sai da suka bar gari ya fito. Da aka tambaye ni ina tabonsa, me kike so in ce?"