Makullin Yara

Ta sa makullin yara, mai toshe kallon manya, a kwamfutar hannun 'yarta. Jerin abin da aka kalla ne ya faɗar mata da gaba: finafinan soyayya na Turkiyya, rungume-rungume, ga yarinya ko makaranta ba ta shiga ba. Me za ta gaya wa uban idan ya dawo nan birnin Amman?

Ta zauna jiran kukan yarinyar.

Ihun ya zo, amma daga kicin, inda surukarta ke naɗe shinkafa a ganyen inabi.

"Ke 'yar nan! Wa ya rufe min abin nan? Yau fa likitan fim ɗin zai ce yana sonta!"

Dariya ta ƙwace wa uwar har da hawaye.

Yarinyar ta ɗago daga zanenta. "Mama, buɗe wa kaka. Ai kullum korata take yi in za ta kalla."