Gefen Kabarin Uwarta

Wasiƙar gwamnati ta iso kwana tara bayan an binne tsohuwar a maƙabartar Turawa ta Winnipeg. 'Yarta ta karanta a tsaye: an mayar da sunan mahaifiyarta cikin rajistar 'yan asalin ƙasa, wato ƙabilun da Turawa suka tarar, domin tsarin mulkin Kanada ya daidaita mace da namiji.

Shekara arba'in ke nan da doka ta goge sunan don kawai ta auri Bature, aka raba ta da garinsu, har da ikon a binne ta a can. Yayanta kuwa da ya auri Baturiya, dokar nan ta mayar da matar tasa 'yar ƙabila.

'Yar ta yi tuƙin awa shida, ta dire wa kawun nata takardar.

"Kawu, ga shi a rubuce. Abu ɗaya mahaifiyata ta roƙa, a kwantar da ita gefen uwarta. Zan sa a tono ta."

Tsohon ya daɗe yana shafa takardar.

"'Yata, tun bara babu wuri."

Ya kai ta ta gani. A gefen kabarin kakarta, farin gicciye ne ke tsaye, ɗauke da sunan Baturiyar.