Ɗigo Takwas a Tsakar Gida

Bayan la'asar ne, a gidanmu na Kusfa, ina aji uku. Kaka ta kwana biyu tana fama da ƙishirwa, maƙwabta suka ce ciwon suga ne, ta yi sallama da alkaki. Baba malamin sinadarai ne a jami'a, yana kuma gwajin jini da fitsari a asibiti. Amma ɗan fari ne, Kaka ko sunansa ba ta kira, balle ta miƙa masa fitsarinta. Sai da Gwaggo ta lallashe ta aka fito da shi a kwalba, naɗe cikin tsumma.

Da farko Baba ya wanke hannu. Sannan ya zuba wani shuɗin ruwa a siririyar kwalba, ya ɗiga fitsarin sau takwas, ya tsoma ta a tafasasshen ruwa kan risho.

Ya ce, "In ya koma ja, akwai suga. In ya tsaya shuɗi, babu."

Kaka na bayan asabari tana jan carbi. Minti biyar suka cika, ruwan na nan shuɗi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Kaka ta leƙo, ta dube ni, ba shi ba.

"Maigida, gaya wa mai kwalaben nan Allah ya yi masa albarka. Tambaye shi, alkaki nawa zan ci?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ce mata ɗaya."

"Ce masa biyu."

Ni ba mai fara'a ba ne, yarana sun sani. Amma in na tuna cinikin nan, sai su kama ni ina dariya ni kaɗai.