Cokali Biyu na Jiƙon Umma

Ina 'yar shekara tara, Umma tana aikin dare a wani kamfanin alewa a Sharaɗa. Barcin rana ba ya ɗaukarta sai ta sha jiƙon wata saiwa mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Rannan da la'asar ta tafi cefane, ta bar mini ƙanena Nura, ɗan wata biyar. Yana ta kuka, ƙawayena na jirana mu yi 'yar carafke. Sai na ɗura masa cokali biyu na jiƙon.

Da ta dawo ta girgiza shi, bai motsa ba. Ta goya shi, ta ce, "Ni ce. Ta nonona ya sha."

Ina tsaye, na yi shiru.

Nura ya farfaɗo a asibiti. Har Umma ta rasu, kowace sallah sai ta nemi yafiyarsa.